Carl Credé, likitan haihuwa da ya raba jarirai da makanta da ɗigo ɗaya

A ranar 1 ga watan Yunin 1880, shugaban gidan haihuwa na jami'ar Leipzig da ke ƙasar Jamus ya kafa wata doka a kan duk jaririn da za a haifa a ƙarƙashin kulawarsa. Da zarar an yanke cibiya an yi wa jinjiri wanka, a goge masa idanu da ruwa mai tsabta, a buɗa fatar idon a hankali, a ɗiga masa ɗigo ɗaya na ruwan gishirin azurfa a kowane ido. Ba a ware ɗan kowa ba, ko uwarsa na da alamar ciwo ko ba ta da ita. Sunan likitan Carl Credé, yana da shekara 60 a lokacin, kuma aikinsa karɓar haihuwa ne da koyar da ungozomomi, bai taɓa zama likitan ido ba.

Tambayar da ya sha fama da ita tana nan har yau a ɗakunan likitocin ido. Duk mai ciwon sukari da ake yi wa allura a cikin ƙwayar ido don ceton ganinsa, kafin allurar ta shiga sai an zuba masa wani ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ke sa ido raɗaɗi. Ana neman maganin da zai kashe ƙwayoyin cuta a kan ido ba tare da ya lalata idon ba, da kuma ƙarfin da ya dace a haɗa shi. Credé na cikin mutanen farko da suka bi wannan tambaya da gwaji da lissafi har suka samu amsar da ta yi aiki.

Duk wanda ya yi lakwal, in ya ga sunan Credé da ɗan aksan ɗinsa, zai ɗauka Bafaranshe ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Kakanninsa suna cikin Kiristocin Furotesta na Faransa da suka yi hijira zuwa ƙasashen Jamusawa saboda tsanantawar da sarakunan Faransa suka yi musu a kan addini. An haifi Carl Siegmund Franz Credé a Berlin ranar 23 ga Disamban 1819, mahaifinsa babban ma'aikacin gwamnati ne. Ya karanci aikin likita a Berlin da Heidelberg, ya samu digirinsa na dakta a 1842, sannan ya yi yawon ganin asibitoci a wasu ƙasashen Turai kamar yadda matasan likitocin zamanin suke yi. Daga 1843 zuwa 1848 ya yi aiki a matsayin mataimakin Farfesa Dietrich Busch a gidan haihuwa na jami'ar Berlin. A 1852 aka ba shi shugabancin makarantar ungozomomi ta birnin tare da sashen haihuwa na babban asibitin Charité. Bayan shekara huɗu, a 1856, jami'ar Leipzig ta kira shi ya gaji Farfesa Johann Jörg, kuma a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Mabiyiya da hannun likita

Kafin a san shi da maganar ido, sunan Credé ya fara fita ne a kan mabiyiya. A wancan zamani, idan jariri ya fito mabiyiya ta yi jinkiri, abin da aka saba yi shi ne a ja igiyar cibiya, ko a cusa hannu cikin mahaifa a ɓanɓaro ta. Jan igiya na iya tsinke ta, ko ya juyo da mahaifar waje. Shigar da hannu kuwa shi ne babbar ƙofar zazzaɓin bayan haihuwa, cutar da ta riƙa kwashe masu jego a asibitocin Turai har wasu mata suka fi son haihuwa a gida ko da babu mai taimako. A 1847 ne Ignaz Semmelweis ya nuna a Biyana cewa hannun likitoci ne ke yaɗa ta, amma da yawa daga cikin manyan likitoci ba su saurare shi ba.

Credé ya koyar da wata hanya da ba ta buƙatar hannu ya shiga ciki. Mai karɓar haihuwa zai kama saman mahaifa ta kan fatar ciki, yatsu huɗu ta baya, babban yatsa ta gaba, ya jira sai mahaifar ta ƙanƙance da kanta, sannan ya matsa ya danna ƙasa har mabiyiyar ta fito. Ya bayyana wannan a cikin littafin darussansa na 1853 zuwa 1854, ya sake gabatar da shi a taron masana da likitocin Jamus a Königsberg a 1860, daga nan ya bazu da sunansa. Bai tsira daga suka ba. Friedrich Ahlfeld, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya dage cewa gaggawar matsa mahaifa na sa wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ya ƙara zubar jini, don haka gara a yi haƙuri a jira. An daɗe ana wannan muhawara a mujallun likitoci, kuma zamani ya nuna Ahlfeld na da tasa gaskiyar. A yau ƙwararrun ungozomomi allurar ositosin suke yi, su ja igiya a hankali suna tare mahaifa da ɗaya hannun, matsar Credé ba ta cikin aikin yau da kullum, kuma haɗari ce a hannun wanda bai koya ba.

Abin da ya rage daga wannan babi shi ne halin mutumin. Duk inda za a iya rage taɓa mai haihuwa ta ciki, Credé yana rage shi. Ya horar da ɗalibansa su gane kwanciyar jariri ta hanyar shafa ciki daga waje. Surukinsa Gerhard Leopold, wanda ya auri ƴarsa, shi ya tsara wannan shafa zuwa matakai huɗu, kuma su ne dai ake yi wa mai ciki a wurin awo, daga Leipzig har Zinder.

Ciwon da ke rufe idon jinjiri

Akwai wata masifa da ta fi ƙarfin wannan taka-tsantsan. Jariri zai zo duniya lafiya lau, idanunsa garau. Kwana biyu zuwa biyar bayan haihuwa sai fatar idon ta kumbura ta yi ja, ta rufe ruf, in an buɗa sai mugunya mai kauri ta kwararo, a share ta sake taruwa. Abin da ya sa ciwon ya fi sauran ciwon ido muni shi ne ƙwayar cutar na iya huda tantanin gaban ido ko da babu rauni a kansa. Cikin ƴan kwanaki sai gyambo ya fito a kan baƙin idon, wani lokaci ya ɓule. Idan ciwon ya lafa, abin da ya bari shi ne farar hakiya da ta rufe gani, ko idon ya shanye gaba ɗaya, kuma sau da yawa duka biyun ne. A makarantun makafi na Turai na ƙarni na 19, wannan ciwo ne kan gaba wajen kawo yara, a wasunsu ɗaya cikin uku ko fiye.

Mutane sun ɗora laifin a kan hasken rana, da sanyin iska, da sabulun wanka. Amma tun 1807 wani likita a Manchester ta Ingila, Benjamin Gibson, ya lura cewa iyayen irin waɗannan jarirai galibi suna fama da fitar farin ruwa, ya ba da shawarar a riƙa wanke idon jariri nan take. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Sai a 1879 wani matashin likita mai shekara 24 a Breslau, Albert Neisser, ya hango ƙwayar cutar ciwon sanyi a madubin ƙara girma, ya same ta a muguyar manya masu ciwon, ya kuma same ta a idon jarirai. Jinjiri na kwasar cutar ne a hanyar fitowarsa. Uwar kuma sau da yawa ba ta san tana ɗauke da ita ba, domin ciwon sanyi kan ɓuya a jikin mace ba tare da wata alama ba, kuma da yawa daga wurin mazajensu suka samo shi.

A gidan haihuwar Credé, inda akasarin masu zuwa matan talakawa ne, lissafinsa ya nuna cewa a 1874 kashi 13.6 cikin 100 na jariran da aka haifa sun kamu. A shekarun da suka biyo baya adadin ya riƙa yawo tsakanin kashi 8 da 13. A taƙaice, kusan jariri ɗaya cikin kowane goma.

Yadda ya kai ga azurfa

Da farko ya bi abin da hankali zai fara kawowa: tunda cutar daga uwa take, a tsabtace uwar. Aka riƙa wanke gaban masu ciki da masu naƙuda da ruwan asid ɗin kabolik, maganin da Joseph Lister ya yi suna da shi a ɗakin tiyata a Birtaniya, ko da asid ɗin salisilik. Ciwon ya ɗan ragu amma bai tafi ba, har ƴaƴan matan da aka fi kula da wankinsu sun kamu. Ƙwayar cutar na zaune a wuraren da wanki ba ya kaiwa.

Sai ya bar uwa ya koma kan idon jaririn. A ƙarshen 1879 ya fara da mafi sauƙin abin da ya sani, ruwan boras, kashi ɗaya cikin 60 na ruwa. Bai cutar da ido ba, bai kuma hana ciwon ba. Daga nan ya koma ga gishirin azurfa, abin da ake kira nitrate d'argent da Faransanci. Likitoci sun daɗe da saninsa, da shi suke ƙone tsiro a fata da naman da ya tsiro a kan gyambo, har Turawa suka laƙaba masa suna dutsen jahannama. Likitocin ido ma suna amfani da shi wajen jinyar wannan ciwo bayan ya bayyana. Sabon abin da Credé ya kawo shi ne a sa shi kafin ciwon ya bayyana, a idon da ake gani lafiyayye.

A wannan gwajin ma da farko ƴaƴan matan da ake zargi kawai ake ɗiga wa. Waɗannan suka tsira, amma ƴaƴan matan da ake ɗauka lafiyarsu ƙalau suka ci gaba da kamuwa. Wannan ne ya kai shi ga dokar 1 ga Yuni: kowa da kowa. Ya tsayar da ƙarfin maganin a kashi 2 cikin 100, wato giram biyu a cikin mililita 100 na ruwa. Ana tsoma wani ɗan siririn sandan gilashi a ciki, ɗigon da ya rataye a bakinsa shi ake sakarwa a kan idon, ɗaya tak, ba a maimaitawa. A watannin farko ana biyo shi da sanya tsumma mai jiƙe da ruwan salisilik a kan ido na tsawon kwana guda, daga baya ya ga ba a buƙatarsa ya daina.

Azurfar na kama furotin ɗin jikin ƙwayar cuta ta kashe ta. Gishirin da ke cikin hawaye kuma yana ɗaure abin da ya yi saura ya mayar da shi wani farin gari da ba ya narkewa, shi ya sa ɗigo ɗaya ba ya nitsawa can cikin ido. Tazarar da ke tsakanin magani da ƙuna a nan ƴar kaɗan ce, kuma Credé ya faɗa a cikinta.

Daga 1 ga Yuni zuwa farkon Disamban 1880 an haifi jarirai 200 a gidan. Ɗaya ne kawai ya kamu, shi ma da sauƙi, kuma da aka bincika sai aka gano cewa a cikin hada-hadar aiki an manta ba a ɗiga masa ba. Credé ya wallafa sakamakon a 1881 a mujallar likitocin mata da shi da Otto Spiegelberg suka kafa a 1870, ya biyo da wasu rahotanni biyu, sannan ya haɗa komai a ɗan littafi a 1884. A cikin jarirai 1,160 da aka ɗiga wa a shekara uku, waɗanda suka kamu ba su wuce biyu ba.

Masu bincike na yau za su ce gwajin bai cika ƙa'ida ba, tunda bai raba jariran gida biyu a lokaci guda ba, shekarun baya ya gwada da na gaba. Haka ne. Amma faɗowa daga ɗaya cikin goma zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari biyar, a gida ɗaya, da irin matan da suka saba zuwa, ba abin da za a jingina wa sa'a ba ne, kuma sauran gidajen haihuwa da suka kwaikwaya sun ga irin wannan faɗuwa.

Duk da haka ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Ɗigon kan sa idon jarirai da yawa ya yi ja ya yi kwantsa na kwana ɗaya ko biyu, iyaye su ga an taɓa lafiyayyen ido ya koma mai ciwo. Kwalbar da aka bari a buɗe ruwanta kan ƙafe, maganin ya ƙara ƙarfi ya ƙona ido da gaske, kuma an samu inda aka yi kuskuren haɗi. Sai kuma abin kunya. Likitan da ke zuwa gidajen masu hali yana jin nauyin ɗiga maganin ciwon sanyi a idon ɗan mai gida, domin tamkar ya zargi mai gidan ne. A nan dokar kowa da kowa ta yi wani amfani da ya wuce na lafiya: idan kowane jariri ake yi wa, babu uwar da za a nuna da yatsa.

Sauran shekarunsa a Leipzig ya yi su a kan koyarwa da rubuta littattafan ungozomomi. Tun shekarun 1860 gidan haihuwarsa na kwantar da bakwaini a cikin wani baho mai bango biyu da ake cika tsakaninsu da ruwan ɗumi, amma bai rubuta komai a kai ba sai 1884, bayan Stéphane Tarnier na Paris ya yi suna da akwatinsa na ɗumama jarirai. Rashin lafiya ta sa ya ajiye aiki a 1887, Paul Zweifel ya gaje shi. Ya rasu a Leipzig ranar 14 ga Maris 1892, yana da shekara 72.

Daga azurfa zuwa aidin

Bayan rasuwarsa aka rage ƙarfin ɗigon zuwa kashi 1 cikin 100 don rage raɗaɗi, ƙasashe da dama kuma suka mayar da shi doka. A Amurka likitan ido Lucien Howe na birnin Buffalo ya yi ta fafutuka a kai, ita ma Helen Keller, shahararriyar marubuciyar nan makauniya kuma kurma, ta fito fili ta yi rubutu a kan ciwon a lokacin da jaridu ke ƙyamar ambaton sunansa. A farkon ƙarni na 20 fiye da ɗaya cikin huɗu na sababbin ɗaliban makarantun makafi a Amurka wannan ciwo ne ya kai su. Zuwa tsakiyar ƙarnin, da ɗigon da kuma zuwan fenisilin, da wuya a ga ko ɗaya.

Azurfa ta zauna a gidan Credé. Ɗansa Benno, likitan tiyata a Dresden, ya shahara da magungunan azurfa na raunuka. A Philadelphia kuma Albert Barnes da Hermann Hille suka haɗa azurfa da furotin suka fitar da Argyrol a farkon ƙarni na 20, mai sauƙi a ido fiye da gishirin azurfa. Barnes ya yi arziƙin da ya sayi ɗaruruwan zane-zanen manyan masu zanen Faransa da shi. Shekaru da dama likitocin ido suna ɗiga irin wannan azurfa kafin tiyata, sai dai sauƙin nata ya zo da rauni wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya karɓe mata wuri shi ne aidin. Bernard Courtois ya gano shi a Faransa a 1811 daga tokar ciyawar teku, amma tsohon ruwan aidin mai barasa ba ya kusantar ido. A 1955 aka haɗa shi da wani sinadari mai suna fobidon, wanda ke riƙe aidin ɗin yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Wannan haɗi ne ake sayarwa da sunan Bétadine a kantunan magani. A 1991 likitoci biyu a wani asibitin ido na New York, Mark Speaker da Jerry Menikoff, suka gwada shi da azurfa mai furotin a tiyata kusan 8,000. Inda aka sa fobidon-aidin mai ƙarfin kashi 5, ciwon cikin ido ya kama kashi 0.06 cikin 100, inda aka sa azurfa kuwa kashi 0.24, wato ninki huɗu.

A kan jarirai ma an kara su, kuma a Afirka. A wani asibiti da ke Kikuyu a Kenya aka raba jarirai 3,117 gida uku, aka wallafa sakamakon a 1995. Ciwon ido ya kama kashi 13.1 na waɗanda aka ɗiga wa fobidon-aidin mai ƙarfin kashi 2.5, da kashi 15.2 na masu man eritiromaisin, da kashi 17.5 na masu gishirin azurfa. Azurfa ba ta da ƙarfi a kan kilamidiya, wata ƙwayar cuta da ba a sani ba a zamanin Credé, wadda a wurare da yawa ta fi ciwon sanyi yawa a idon jarirai. Aidin ya fi su arha nesa ba kusa ba, kuma yana rina farin ido na ƴan mintoci, don haka ungozoma na iya gane wanda aka yi wa da wanda aka tsallake, irin jaririn nan guda na 1880.

Allura a cikin ido

Tun wajen 2005 likitoci suka fara yin allurar magunguna irin su Avastin, daga baya Lucentis da Eylea, kai tsaye cikin ƙwayar ido, don tsayar da jijiyoyin jini masu yoyo a bayan idon masu ciwon sukari da tsofaffi. Miliyoyin irin wannan allura ake yi duk shekara a duniya, kuma mutum ɗaya kan karɓe ta wata-wata har tsawon shekaru. Babban abin tsoro shi ne allurar ta tura ƙwayar cuta ciki. Yana faruwa kamar sau ɗaya a cikin allura dubu biyu zuwa dubu biyar, amma idan ya faru ido na iya mutuwa cikin kwanaki. Ƙwayoyin galibi daga fatar idon majinyacin suke, wasu kuma daga yawun bakin mai magana a kusa, shi ya sa ake sa takunkumi ko a yi shiru lokacin allurar. Wanda ya ji ciwo na ƙaruwa, ido na ƙara ja, gani na dushewa a kwanakin da suka biyo bayan allura, ranar ya kamata ya koma wurin likita, ko da dare ne.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa wajen kariya shi ne fobidon-aidin kashi 5 a kan ido, a bar shi aƙalla daƙiƙa 30 kafin allura. Ɗigon antibiyotik da aka daɗe ana rubuta wa mutane kafin allura da bayanta an gano ba ya rage haɗarin, sai ma ya haifar da ƙwayoyin cuta masu jure magani, shi ya sa aka bar shi a wurare da yawa. Matsalar aidin ita ce tsohuwar matsalar azurfa, wato raɗaɗi. Wanda ake zuba wa shi duk wata yakan kwana da ido kamar an watsa masa yashi, wasu har su ce jikinsu ba ya karɓarsa. Ainihin rashin jituwar jiki da aidin abu ne mai wuyar samu, kuma waɗanda aka yi wa allura ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sun fi kowa kamuwa.

Saboda haka wasu likitoci, musamman a Ostireliya, suka koma ga kulorhekzidin da aka haɗa da ruwa zalla, mai ƙarfin kashi 0.05 ko 0.1 cikin 100. A wani rahoto da suka fitar a 2016, cikin allura fiye da 40,000 sau uku kawai aka samu ciwon cikin ido, majinyata kuma sun fi jin daɗinsa. Har yanzu aidin ne akasarin ƙungiyoyin likitocin ido suka sa a gaba, kulorhekzidin na biye a matsayin madadi.

Sai dai wannan suna na kulorhekzidin ya bar tabo a nahiyarmu. Akwai wani nau'insa mai ƙarfin kashi 7.1 da ake rabawa don shafa wa cibiyar jariri, yana kuma ceton rayuka a can. An riƙa zuba shi a ƴan kwalabe masu kama da na ɗigon ido, wasu iyaye da ma'aikatan lafiya suka ɗiga shi a idon jarirai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa tun daga 2015 an samu rahoton yara fiye da 40 da hakan ya raunata wa ido, wasu har makanta, a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara. Maganin cibiyar ya ninka na ido ƙarfi sau da dama. Haka abin yake ga Bétadine ɗin da ke cikin gidaje: mai ruwan ɗorawar kwalba na fata ne, kashi 10, mai jar kwalba sabulu ne a ciki, mai ruwan lemo kuma barasa, babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don a ɗiga wa jinjiri a ido a gida. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a makon farko allurar antibiyotik yake buƙata a asibiti, a kuma yi wa uwa da uba magani tare. Nono ko kwalli ba sa kashe wannan ƙwayar cuta.

Wasu ƙasashe masu arziƙi, irin su Birtaniya, sun daina ɗiga wa kowane jariri magani tun da daɗewa, sun dogara ga gano ciwon da wuri da jinyarsa nan take. Inda mata da yawa ba sa samun gwajin ciwon sanyi a lokacin awo, Hukumar Lafiya ta Duniya na nan a kan dokar Credé ta kowa da kowa, nan da nan bayan haihuwa, a idanu biyu. A jagorarta ta 2016 ta lissafa magunguna biyar da za a zaɓa daga ciki: man tetirasaikilin kashi 1, man eritiromaisin kashi 0.5, man kuloramfenikol kashi 1, fobidon-aidin na ruwa kashi 2.5, da ruwan gishirin azurfa kashi 1, rabin ƙarfin da Credé ya ɗiga a Leipzig.